Ashe Ba Ko'ina Ake Lissafin Zaɓe Iri Ɗaya Ba

'Yan uwa ɗalibai, yawancinmu mun ɗauka duk wanda ya ci zaɓe, to mafi yawan jama'a ne suka zaɓe shi. Ba kullum ba ne. A ce ajinku mutum 50 ne, za ku zaɓi monita. Na farko ya samu ƙuri'a 20, na biyu 16, na uku 14. Na farko ya ci, amma mutum 30 ba shi suka so ba.

Haka ake yi a Birtaniya, kuma haka muke zaɓen 'yan majalisa a Najeriya. Tsarin yana da sauƙi, kowace mazaɓa ta san wakilinta. Amma ku duba zaɓen Birtaniya na 2024. Jam'iyyar Leba ta samu kusan kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'u, ta kwashe kujeru fiye da 400 daga cikin 650. Jam'iyyar Reform da ta samu kashi 14 kuwa, kujera biyar kacal ta tsira da su. A ganinmu akwai gyara a nan.

Afirka ta Kudu ta bi wata hanya. Ana raba kujeru 400 na majalisa gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya. A 2024 ANC ta samu kashi 40, aka ba ta kujera 159, dole ta haɗa gwamnati da wasu jam'iyyu. Ƙuri'a ba ta tafiya a banza, sai dai jam'iyya ce ke jera sunayen 'yan takara, don haka da wuya talaka ya san ƙofar wanda zai kai wa kuka.

Maƙwabciyarmu Nijar ta yi zagaye biyu a zaɓenta na shugaban ƙasa. A Disambar 2020 babu wanda ya haura rabin ƙuri'u, sai aka sake karawa tsakanin Bazoum Mohamed da Mahamane Ousmane a Fabrairun 2021. Illarsa ita ce kashe kuɗi sau biyu, ga wahalar bin layi sau biyu.

Zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya kuwa yana da nasa sharaɗi. Bayan ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a, dole ya samu aƙalla kashi 25 a biyu bisa uku na jihohi, don kada yanki ɗaya ya naɗa wa kowa shugaba. Amma dokar ba ta ce sai ya kai rabi ba. A 2023 Bola Tinubu ya ci ne da kusan kashi 37.