Ciwon mara da ƙwayoyin kashe ciwo

Yara, darasinmu na yau ya shafi wani ciwo wanda ke hana ƴan mata da yawa zuwa makaranta kwana 1 ko 2 a kowane wata. Sunansa ciwon mara. Shi ne ciwon da ke zuwa tare da jinin al'ada, wanda ake kira haila ko jinin wata. Darasin ga na kowa ne, mata da maza, domin kowane ɗayanku yana da uwa, ko ya, ko ƙanwa. Ba abin dariya ba ne, ba kuma abin kunya ba ne. Ku saurara da kyau.

1. Daga ina ciwon yake fitowa?

A cikin marar kowace mace akwai mahaifa. Nan ne jariri ke zama kafin a haife shi. Mahaifa tsoka ce mai ƙarfi, girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba. In yarinya ta balaga, kowane wata mahaifa takan yi shimfiɗa mai taushi a cikinta. In ba a samu ciki ba, sai shimfiɗar ta saɓule, ta fita tare da jini. Wannan shi ne jinin al'ada. Yakan ɗauki kwana 3 zuwa 7. Daga farkon wani zuwa farkon na gaba akan yi wajen kwana 28, amma wata takan yi ƙasa da haka, wata kuma sama da haka.

Domin ta fitar da shimfiɗar nan, mahaifa takan matse, ta saki, ta sake matsewa. Wani sinadari ne wanda jiki ke yi da kansa yake sa ta matsewa. Masana suna kiransa furostagilandin. In ya yi yawa, mahaifa takan matse da ƙarfi har jini ya rage isa cikin tsokarta. Nan ne ciwo ke tashi.

Ku gwada: kowa ya dunƙule hannunsa da ƙarfi, ya ƙirga har 60. Me kuka ji? To, irin wannan ne ke faruwa ga mahaifa, amma awa da awa.

Ciwon yakan fara ana gobe jini zai zo, ko kuwa ranar farko. Yakan yi kwana 1 zuwa 3. Wata takan ji shi har a baya da cinyoyi. Wata kuma takan yi tashin zuciya, ko amai, ko zawo, ko ciwon kai. Ke nan ciwon gaskiya ne, yana da dalili. Ba ƙyuya ba ce, ba iska ba ne, ba kuma sammu ba ne.

2. Abin da za a fara yi a gida

Kafin a kai ga ƙwaya, akwai dabaru waɗanda ba su cin ko dala.

Na ɗaya, ɗumi. A zuba ruwan zafi cikin kwalba, a toshe ta sosai, a naɗe ta da zane, a ɗora bisa mara. Ɗumi yana sa tsoka ta saki. Kada a ɗora kwalba tsirara bisa fata, don kada ta ƙone.

Na biyu, motsa jiki. Ƴar tafiya a hankali takan rage ciwo. In ya yi tsanani, sai a kwanta a gefe ɗaya, a tanƙwashe gwiwoyi wajen ƙirji.

Na uku, shan ruwa da cin abinci da isasshen barci. Kunu mai ɗumi ya fi zama da yunwa.

Na huɗu, lissafi. Kowace yarinya ta riƙa rubuta ranar da jini ya zo a bayan littafinta. Da haka za ta san lokacin da zai dawo, ta shirya ƙunzugu mai tsabta ko audugar mata, ciwo ba zai mamaye ta cikin aji ba.

3. Ƙwayoyi guda uku da kuka sani

In ɗumi bai isa ba, sai magani. Amma magani kamar gishiri yake: daidai gwargwado ya gyara miya, in ya yi yawa ya ɓata ta. Ana auna ƙarfin ƙwaya da miligiram. Miligiram 1000 shi ne giram 1. Adadin yana rubuce a jikin kwali ko a bayan katin ƙwayoyin. Ku da kuka iya karatu, ku ne za ku karanta wa mutanen gida.

a) Parasetamol. Ƙwayar da aka saba gani miligiram 500 ce. Yarinya mai shekara 12 zuwa 15 takan sha ƙwaya 1, ta jira awa 6 kafin ta ƙara, kuma ba ta wuce sau 4 tsakanin dare da rana. Babban mutum ma ba ya wuce giram 4, wato ƙwaya 8. Parasetamol ba ya cin ciki. Haɗarinsa a hanta yake. Wanda ya sha fiye da kima, ranar farko yana iya jin lafiya lau. Bayan kwana 2 ko 3 sai amai, da ciwon ciki ta hannun dama, idanu su yi ɗorawa kamar na mai shawara. Lokacin nan hanta ta riga ta ɓaci. Saboda haka, in wani ya sha da yawa, a kai shi gidan likita nan take, ko da yana cewa ba ya jin kome. Akwai makarinsa, amma ya fi aiki cikin awa 8 na farko.

b) Ibufurofen. An gano shi a Ingila, an fara sayar da shi a shekarar 1969. Ya fi parasetamol aiki a kan ciwon mara, domin shi yana rage furostagilandin ɗin nan da muka ambata. Yana zuwa a ƙwaya mai miligiram 200 ko 400. Daga shekara 12, akan sha miligiram 200 zuwa 400, sau 3 a rana, ba a wuce miligiram 1200 sai da izinin likita. Ya fi amfani in an sha shi da ciwo ya fara, kuma kwana 2 ko 3 sun isa.

Amma ku lura: furostagilandin ba a mahaifa kaɗai yake aiki ba. A cikin tumbi, shi ne ke taimakawa wajen yin majinar da ke kare tumbi daga tsamin da ke narka abinci. In magani ya rage shi a mahaifa, ya rage shi a tumbi kuma. Shi ya sa ibufurofen ke kawo ƙwannafi da zafin ciki, wani lokaci har gyambon ciki mai zubar da jini. Don haka ba a shan sa sai an ci abinci. Hakanan yana wahal da ƙoda in jiki ba shi da isasshen ruwa. A ƙasarmu, cikin watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, sai a ƙara kula da shan ruwa. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki, ba su shan sa sai likita ya ce. Mai fuka ma ta tambaya tukuna, domin yana tayar wa wasu da ita. Akwai wani ɗan'uwansa mai suna dikulofenak. Aikinsu ɗaya, illarsu ɗaya, ba a haɗa su.

c) Asfirin. Shi ne tsoho a cikinsu. An fara sayar da shi a Jamus a shekarar 1899. An yi shekara sama da 70 ana shan sa ba a san yadda yake kashe ciwo ba, sai a 1971 wani masani ɗan Ingila, John Vane, ya gano cewa furostagilandin yake hanawa. Asfirin yana hana jini daskarewa da wuri, saboda haka yana iya ƙara zubar jinin al'ada. Kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba, sai da umurnin likita, domin yana iya kawo wata cuta mai taɓa ƙwaƙwalwa da hanta. Ke nan asfirin ba naku ba ne.

4. Maganin bakin hanya

A kasuwa da tasha kuna ganin masu tallar magani bisa tire ko bisa keke. Ƙwayoyinsu suna yini cikin rana da ƙura. Wasu wa'adinsu ya wuce, wasu kuma jabu ne. Sau da yawa akan ƙulla ƙwaya 3 ko 4 masu launi daban-daban cikin leda, babu suna, babu adadi. Wata ƙwayar haɗi ce, akwai parasetamol a cikinta. Yawancin maganin mura ma haka yake. Yarinyar da ta sha wannan, ta ƙara da parasetamol na gida, ta ninka kima ba ta sani ba.

Mafi haɗari duka shi ne taramol. Magani ne mai ƙarfi wanda likita kaɗai ke rubutawa. Na gidan likita yawanci miligiram 50 ne, amma a kasuwa akwai mai 225. Yana kawo jiri da amai da yawan barci, yana sa jijjiga irin ta farfaɗiya, yana iya tsayar da numfashi. Wanda ya saba da shi kuwa, barinsa sai da wahala. Duk wanda ya miƙo miki shi don ciwon mara, ki ce a'a.

5. Hira

Ku karanta hirar nan bibbiyu, ɗaya ta zama ya, ɗaya ƙanwa.

— Yaya, na sha ƙwaya tun da hantsi, har yanzu marata ba ta lafa ba. In ƙara biyu?

— Wace ƙwaya kika sha?

— Ga katin nan. An rubuta parasetamol, 500.

— Ƙarfe nawa kika sha ta?

— Ƙarfe 9.

— Yanzu ƙarfe 11 ne. Sai ƙarfe 3 za ki ƙara, kuma guda ɗaya. Bari in ɗora ruwa in sa miki a kwalba.

— Yaya, watan jiya ma haka na yi, kwana 2 ban je makaranta ba.

— To, ai wannan ya wuce a yi shiru. Kin faɗa wa Inna?

— Kunya nake ji.

— Ni zan faɗa mata. Gobe in Allah ya kai mu, sai mu je gidan likita, ki ɗauki littafin da kike rubuta ranakun.

6. Yaushe za a tafi gidan likita?

Hausawa sun ce jiki magayi. In magani bai yi aiki ba, jiki ne ke gaya mana a bincika, ba a ƙara ƙwaya ba. A tafi gidan likita:

– in ciwo yana hana zuwa makaranta ko aikin gida wata bayan wata;
– in an yi wata 3 ana shan magani bisa ƙa'ida, ba sauƙi;
– in jini ya wuce kwana 7, ko ana canza ƙunzugu kowace awa 1 ko 2;
– in ana jin ciwon ko ba lokacin al'ada ba;
– in akwai zazzaɓi ko ruwa mai wari;
– in yarinya tana ciwon mara kowane wata amma jini bai taɓa fitowa ba.

Akwai kuma alamun da ba su jiran gobe: amai da jini, bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, kumburin fuska ko toshewar numfashi bayan shan ƙwaya, da suma. Hakanan macen da al'adarta ta yi jinkiri, sai ga ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara. Waɗannan, ko da tsakar dare ne, a nemi abin hawa.

Wani lokaci akwai wata cuta a ɓoye. Ɗaya daga ciki sunanta andometiriyoz: nama irin na shimfiɗar mahaifa ne ke tsirowa a wajen mahaifa, yana ciwo kowane wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana taɓa wajen mace 1 cikin 10 na waɗanda ke cikin shekarun haihuwa. Yawan zubar jini kuma yakan kawo ƙarancin jini: gajiya, jiri, da farin ido. Wake, zogale, hanta, nama da kifi suna taimakawa, likita kuma yakan ba da ƙwayar ƙarin jini.

Akan fara daga ƙaramin gidan likita na gari ko na unguwa, inda akwai ungozoma. In abin ya fi ƙarfinsu, su ne za su tura babban asibiti, a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai. Wasu sukan ce a yi haƙuri, in an yi aure zai wuce. Gaskiya ne ciwon yakan ragu ga mata da yawa in sun girma ko sun haihu. Amma aure ba magani ba ne. Yarinyar da ke rasa kwana 2 a wata, cikin wata 9 na karatu ta rasa kwana 18. Wannan ya isa ya sa ta faɗi jarrabawa, alhali ciwon yana da magani.

Ku kuma samari, in kun ga ƴar ajinku ta kifa kai bisa tebur, ko ta nemi izinin fita, ba a tsokana, ba a nuni da baki.

Abin riƙewa

Ciwon mara yana fitowa ne daga matsewar mahaifa. A fara da ɗumi. In za a sha ƙwaya, a san sunanta, da ƙarfinta, da lokacinta. Parasetamol in ya yi yawa yana ɓata hanta. Ibufurofen sai an ci abinci. Asfirin ba na yara ba ne. Ba a sayen magani a bakin hanya. In ƙwaya ba ta yi aiki ba, ba a ƙara ta, gidan likita ake zuwa.

Tambayoyi

1. Me ke sa mahaifa ta matse?
2. Don me ibufurofen yake kawo zafin ciki?
3. Don me ake gaggawar kai wanda ya sha parasetamol da yawa gidan likita, ko da ba ya jin kome?
4. Kawo alamu 3 waɗanda ba su jiran gobe.

Lissafi

1. Yarinya mai shekara 13 ta sha parasetamol ƙarfe 7 na safe. Ƙarfe nawa za ta iya ƙarawa?
2. Ƙwaya nawa mai miligiram 400 ke cikin miligiram 1200?

Aikin gida

Ku nemi kwalin magani wanda ba kome a cikinsa. Ku kwafe sunan maganin, da ƙarfinsa, da ranar ƙarewar wa'adinsa cikin littattafanku. Ku zo da kwalin gobe, mu karanta tare.