Amsa ga Saurayin Amarawa Mai Neman Abokin Tafiya

Wani saurayi daga Amarawa, wanda sana'arsa ita ce cike wa fatake takardu da yi musu tafinta tsakaninsu da mutanen Konni, ya aiko da wasiƙa yana kukan cewa tun da ya soma koyon aiki da ƙirƙirarriyar basira abokan sana'arsa suka mai da shi abin dariya, har ya wayi gari ba shi da abokin shawara a rumfa.

Ya kai ɗana, damuwarka tana da hujja, domin tun daga watan Nuwamba na 2022, sa'ad da ChatGPT ya fito, fassarar Faransanci da tsara wasiƙar ciniki, waɗanda a da sai an nemi mai ilimi an biya shi ladansa, sun koma aikin da wayar hannu ke gamawa nan take. Sai dai na'urar, duk da fasaharta, tana tuntuɓe a Sakkwatanci da zaurancen dillalan kasuwar Illela, ba ta san wanda ke cika alkawari ba balle wanda ke saɓawa, kuma takan ƙaga adadi ta faɗe shi da yaƙini alhali ba shi da asali. Saboda haka ka bar mata rubutun farko, kai kuwa ka riƙe tahakkikin kowane suna da kowace lamba kafin takarda ta isa hannun kwastan, kada kuma ka zuba mata sirrin wanda ya ba ka amana. In kana son ilimin ya zauna sosai, nemi shiga shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2023, inda za ka tarar da sa'o'inka masu irin himmarka, wanda shi kansa rabin maganin kaɗaici ne.

Amma batun mutanenka shi ne ya fi bukatar tadabburi. Mutanen da suka ga an rufe iyakarmu da Nijar daga Agustan 2019 har Disambar 2020, aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris na 2024, sun riga sun ɗanɗana yadda hukuncin da aka yanke a nesa ke tsayar da abincin gida, don haka ba jahilci ba ne in sun yi ɗari-ɗari da duk abin da ya zo daga nesa. Jayayya ba za ta ciwo kansu ba, kuma a ganina mafi yawan kaɗaicin masu sabon ilimi daga yawan wa'azinsu yake tasowa.

Ka zaɓi dattijo guda wanda ake jin maganarsa, ka roƙe shi cikin ladabi ya ba ka takarda ɗaya da ta gagare shi, ka gama masa ita a gabansa, ka nuna masa har inda na'urar ta yi kuskure ka gyara. Ka fara da wannan kafin kasuwar Lahadi mai zuwa, sa'an nan ka rubuto mini yadda kuka ƙare.