Filin Shawarwari: Na Sa Kulocin Tsere, Tuƙin Cikin Gari Ya Gagare Ni

  Ni ma'aikaci ne a wata masana'anta da ke Challawa, gidanmu kuma yana wajen Bompai. Kullum da safe ta Ƙofar Nasarawa da Ɗan Agundi nake bi, in ratsa Sharaɗa, in kama titin Fanshekara. Motata Honda Civic Si ce ta 2008, 'yar Amurka, mai giyar hannu shida. Da kulocinta ya fara zamewa, sai abokai suka ce in sa na tsere, wai ya fi ƙarko, kuma mota za ta ƙara tashi. Na aika aka sayo mini wanda ake kira siteji na 3, mai kunne shida, haɗe da fulawil marar nauyi. Na kashe kuɗi ba kaɗan ba, bakanike ya ɗaura.

Tun daga ranar ban sake jin daɗin tuƙi ba. Fedar ta yi tauri, kafin in kai Sharaɗa gwiwata ta hagu ta soma ciwo. In zan tashi a giya ɗaya, ko motar ta kama kakkarwa, ko ta zabura, ko ta mutu a tsakiyar 'yan adaidaita sahu ana ta danna mini hon. Da na ɗan ɗaga ƙafa yake kamawa, tun daga can ƙasa, ribas kuwa sai ya yi ƙara kafin ya shiga. Bakanikena ya ce in yi haƙuri zai zauna, wani kuma ya ce a ƙara tsawon sandar feda. Malam, saiti zai gyara wannan, ko in haƙura in cire shi? Injin dai ban taɓa shi ba, yana nan yadda ya zo.

Naka, mai karatu daga Bompai, Kano.

 Na gode da wasiƙarka, Allah ya sawwaƙe. Maganarka ta ƙarshe, cewa ba ka taɓa injin ba, ita ce ta warware mini komai. Damuwarka iri biyu ce ta cakuɗe. Akwai ta saiti, wato kamawa daga ƙasa da ƙarar ribas, wannan tana gyaruwa. Akwai kuma ta halin kulocin kansa, wato tauri da kakkarwa da zabura, wannan ko wane gwani ne ya riƙe sifana ba zai raba shi da ita ba, domin haka aka ƙera shi da gangan. Abu biyu ake dubawa wajen zaɓen kuloci: ƙarfin da injin yake fitarwa, da irin hanyar da motar take bi kullum. Kai kuwa duka biyun suna nuna cewa abin da aka ɗaura maka ya fi ƙarfin buƙatarka.

Kuloci ba ya haifar da ƙarfi, isar da shi kawai yake yi. Fulawil yana juyawa da inji, farantin kuloci yana haɗe da giyabos, murfin kuma yana matse farantin a jikin fulawil da ƙarfin sifirin. In ka taka feda, boris ya danna sifirin ɗin, faranti ya saku. Injin motarka yana ba da ƙarfin doki 197, ƙarfin murɗawarsa kuma bai wuce kimanin Newton-mita 188 ba, kuma kulocin kamfani an auna shi ya riƙe wannan har da rara. Saboda haka tsohon kulocinka cinyewa ya yi da shekaru, ba gazawa ya yi ba. Da sabo irinsa aka sa, da motar ta dawo da tashin da abokanka suke yi maka alkawari. Kulocin tsere an yi shi ne domin injin da aka ƙara wa turbo ko aka yi wa aiki har ƙarfinsa ya zarce na asali. Lambar siteji kuwa ba ma'auni ba ce da kamfanoni suka yi ittifaƙi a kai, kowa da yadda yake jera kayansa. Adadin ƙarfin murɗawa da aka rubuta a kwali shi ne abin dubawa.

Ka sa a ajiye maka farantan biyu a kan benci ka duba da idonka. Na kamfani zagaye yake cif, fata ta rufe fuskokinsa biyu, a tsakaninsu akwai siraran ƙarafa masu ɗan lanƙwasa da suke lotsawa a hankali yayin da murfi yake matsowa, a cibiyarsa kuma ga sifirin-sifirin masu shanye girgizar inji. Wannan lotsawar ita ce take ba ƙafarka tazarar da za ka riƙa sakin mota sannu-sannu. Mai kunne shida kuwa 'yan ɓallaye ne na gaurayen ƙarfe da tangaran, masu kaushi, an kafe su ba wata lotsawa ta kirki, wasu ma cibiyarsu ba sifirin ko ɗaya. An yi su ne su damƙe nan take su kuma jure zafi, don haka in ka nemi su zame kaɗan sai su riƙa kamawa suna saki, abin da kake ji a matsayin kakkarwa ke nan. Sannan aka rage maka nauyin fulawil, alhali nauyin nan shi ne yake riƙe juyin inji a lokacin tashi. Injin Si kuwa sai wajen juyi 7,800 a minti yake kai ƙarshen ƙarfinsa, a ƙasa ba shi da yawa. To ka haɗa wannan da hanyarka: danja, shataletale, tirela tana juyawa a ƙofar masana'anta a Sharaɗa, ramuka da kwantaccen ruwa da damina, ɗan adaidaita ya tsaya maka ba sigina. Duk tafiyar tashi ce da tsayawa, aikin da wannan faranti ya fi ƙi.

Duk da haka kada ka yanke hukunci kafin a gyara abin da yake gyaruwa. Kulocin motarka da mai yake aiki, ba da waya ba, kuma murfi mai ƙarfi yana tona asirin duk wani rauni da ke layin. A fara da zubar da tsohon man, a zuba sabon man birki DOT 3 ko DOT 4, a fitar da iska sarai, domin man nan yana shan danshi, ga kuma zafin Kano da kan haura digiri 40 a watan Afrilu. A duba kulocin sama da na ƙasa, wato famfunan da suke tura man, ko suna yoyo ko robarsu ta gaji, a duba tiyon ko yana kumbura in an taka. Sai bayan wannan a taɓa sandar da ke bayan feda: a kwance notin, a ƙara tsawonta rabin juyi, a gwada, a sake, ba a murɗa ta gaba ɗaya ba. Dole a bar ɗan sakin nan da feda take yi a sama kafin ta fara aiki, wanda a motoci da yawa yake tsakanin santimita 1 zuwa 2. In aka cinye shi, fistin ɗin kulocin sama zai toshe ƙaramar ƙofar da mai yake komawa tanki, man ya yi zafi ya kumbura, ya riƙa danne boris kana tafiya, sabon kuloci ya kama zamewa ya ƙone. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: inji yana silo, ka take feda har ƙasa, ka ɗan jira, ka sa ribas. In ya shiga shiru, kuloci yana saki. In har yanzu yana ƙara, kada ka ci gaba da tilasta giya, domin haƙoran giyabos kake ci.

Bakanikenka da ya ce zai zauna yana da rabin gaskiya. Masu ƙera irin waɗannan kaya sukan ce a yi kimanin kilomita 800 na tuƙin cikin gari a natse, ba figa ba gudu, kafin fuskar faranti da ta fulawil su daidaita. A wannan tsakanin kakkarwa takan ragu. Ka ba shi wannan dama: ka ɗan ƙara totur a wajen tashi, ka saki ƙafa da azama maimakon jan ta, in an tsaya ka mayar da giya firi ka ɗauke ƙafarka, a hawa kuma ka riƙe mota da birkin hannu. A duba mazaunan inji su ma, domin in robarsu ta tsage suna ninka girgiza. Amma zama ba ya sassauta sifirin murfi, kuma ba ya mayar da tangaran ya koma fata.

Za a ce maka ai ya fi ƙarko. A filin tsere haka ne, inda zafi yake ƙona fata cikin ɗan lokaci. A cunkoso kuwa lissafin juyawa yake yi: ɓallayen suna cin fuskar fulawil da ta murfi, fizgar da sifirin ya kamata ya shanye tana sauka a kan shaf da giyabos da mazaunan inji, nauyin murfin kuma yana gajiyar da kulocin sama da na ƙasa da boris ɗin da ke tare ƙarfen inji daga zamewa gaba. Ka tsirar da faranti, ka jawo wa abin da ya fi shi tsada lalacewa. Wani kuma zai nuna maka manyan motocin da suke lodin fata a Challawa ko robobi a Sharaɗa, ya ce ai su ma kuloci mai ƙarfi gare su, kuma a gari suke yawo. Ya manta cewa DAF da MAN da ire-irensu iska ce take taya direba taka feda, injinsu na dizal tun daga silo yake da ƙarfi, fulawil ɗinsu nauyi gare shi, giyarsu ta ɗaya kuma ja take yi kamar rarrafe. An ƙera motar gaba ɗaya domin kulocin. Taka ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Saura maganar kuɗin da ka kashe, da masu cewa ƙafa za ta saba. Ƙafa takan saba, amma gwiwar da take ciwo kullum gargaɗi take yi maka. Abin da ya fi damuna shi ne motar da take zabura ko ta mutu ba shiri a wurin da ma'aikata suke tsallaka titi lokacin tashi daga aiki, ga 'yan makaranta, ga masu baro. Kuɗin da ya tafi ya riga ya tafi, kuma kayan suna da masu so. Yanzu da ba su ci ba za ka fi samun mai saye da daraja.

Shawarata ita ce a gyara layin mai da saitin feda a wannan makon, ka cika kilomita 800 ɗin a hankali. In bayan nan har yanzu kana fargabar danja, a sauke shi. Ka nemi cikakken saiti sabo, faranti mai zagayayyiyar fata da sifirin a cibiya, da murfinsa da boris, na kamfanonin da suke yi wa masu ƙera motoci kaya irin su Exedy ko Aisin ko Sachs, a mayar da fulawil na asali bayan an duba fuskarsa. A Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ka tafi da wanda ya san na gaske da jabu, kuma kada ka sayi farantin gwanjo, domin kuɗin sauke giyabos ya fi ƙarfin a yi shi sau biyu. Ranar da ka ƙara wa injin ƙarfi, sai ka sake rubuto mini mu duba wanda ya dace. Allah ya kiyaye hanya, ya kai ka wurin aiki lafiya ya dawo da kai lafiya.