Jijiyoyin Wuya Da Shanyewar Ɓarin Jiki: Abin Da Ya Kamata Mai Ciki Ta Sani

Uwargida, ɗora yatsu biyu a gefen maƙogwaronki, amma kada ki danna. Bugun da kika ji na babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ne, likitoci suna kiranta karotid. Guda biyu ce, dama da hagu, akwai kuma wasu biyu da ke bi ta cikin ƙashin wuya. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa hanyoyin nan huɗu suna haɗuwa su yi zobe kamar shataletale.

Idan jijiya ɗaya ta toshe, jini yakan zagaya ta wannan zobe ya kai inda aka rasa, kamar yadda masu mota ke bin lungu idan an tare titi. Shi ya sa wani tasa ta toshe gaba ɗaya bai ma sani ba, wani kuwa ɓarin jikinsa ya shanye. Toshewar da ta zo sannu a hankali tana ba ƙananan hanyoyin lokacin faɗaɗa. Wadda gudan jini ya kawo farat ɗaya ba ta ba su wannan dama, cikin 'yan mintoci sashen ƙwaƙwalwa yake fara mutuwa. Kuma ba kowa ke da cikakken zobe ba, mutane da yawa nasu da giɓi.

Me ya haɗa wannan da ciki? Jinin mai ciki yana saurin daskarewa, har zuwa makonni 6 bayan haihuwa, wato wajen arba'in. Hawan jini yana lalata jijiyoyi, mai sikila ma haɗarinta ya fi yawa. Idan kuma jini ya zuba da yawa wajen haihuwa, ƙarfinsa yakan faɗi har ya kasa bin lungunan. Don haka muke auna jininki duk zuwa awo. Kunun kanwa kuwa, ni dai shawarata mai jego ta rage shi, mai hawan jini ta bar shi, domin kanwa dangin gishiri ce.

Maigida da iyaye, ku lura da alamomin nan: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya ta saki, harshe ya yi nauyi, ko ido ɗaya ya yi duhu. Ko da abin ya wuce bayan minti 5, gargaɗi ne, a kawo ta a ranar. Sau da yawa akan ce shafar aljanu ce, a tsaya hayaƙi a gida har a makara. Ku yi addu'arku a hanya.

A kwantar da ita ta gefe. Kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, za ta iya shaƙewa. Kada a ba ta asfirin, domin sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa ake bambance toshewar jijiya da fashewarta. A riƙe lokacin da abin ya fara, likita zai tambaya, a taho da katin awonta.