Amsoshin Tambayoyinku: Ina Zan Samo Sunan Yanka da Shekarar Haihuwar Kakar Mahaifina?

Tambaya: Ina haɗa tarihin gidanmu saboda yara, sai na cije a kan kakar mahaifina, wato mahaifiyar kakana na wajen uba. Kowa Lami yake ce mata, amma an ce ba shi ne sunanta na yanka ba. Babu wanda ya iya faɗa mini sunan mahaifinta, balle shekarar da aka haife ta. Abin da na ji kawai, an shigo da ita Kano a goye shekarar yunwa, ta kuma rasu shekarar canjin kuɗi. Akwai tsohon Alƙur'ani rubutun hannu na mijinta a cikin gafaka, da 'yan rubuce-rubuce a ƙarshensa waɗanda ba mu iya karantawa. Manhajar da nake amfani da ita wajen haɗa tarihin tana neman sunan da take amsawa kafin aure. Ta ina zan fara? Ko in tafi gidan adana takardun tarihi na Kaduna?

Daga wata mai karatu, Kano.

Amsa: Ki dakata da tafiya Kaduna tukuna. Kaduna tana nan, ba inda za ta je. Tsofaffin gidanku su ne ba ki da tabbas a kansu, kuma mafi yawan abin da kike nema yana bakinsu, ko da su kansu suna ganin ba su sani ba.

Bari mu fara kawar da batun manhajar. Waɗanda suka ƙirƙire ta sun yi ta ne a kan al'adar da mace ke ajiye sunan gidan ubanta ranar aure ta ɗauki na miji. Kakar mahaifinki ba ta yi wannan ba. Bahaushiya ta wancan zamani wance ce 'yar wane, da aure da zawarci, har ta koma ga Mahaliccinta. Jingina sunan mace ga na miji boko ne ya kawo mana shi. Saboda haka abu biyu kike nema: sunan da aka raɗa mata ranar suna, da sunan mahaifinta. Ba aure ne ya ɓatar da su ba, kunya ce ta lulluɓe su.

Ki duba yadda abin yake. 'Ya'yanta ba za su faɗi sunanta ba. Matan 'ya'yanta kuwa ko a mafarki. Kishiyoyi da maƙwabta laƙabi suka riƙe. Idan kin tambayi dattijon da ya tashi a wannan tarbiyya kai tsaye, "Mene ne sunan wance?", zai iya ce miki bai sani ba, alhali nauyin faɗa yake ji. Waɗanda al'ada ta sake wa baki su ne jikoki, don tsakanin jika da kaka wasa ne, sai taubasai da ƙawaye. To, jikokinta su wa ke nan? Mahaifinki da 'yan'uwansa. Ki nemi gwaggonninki, musamman wadda tsohuwar ta riƙa, wadda ta kwana ɗakinta tana tsokanarta.

Ko da sun manta, akwai hanyar da ba kasafai take ba mutum kunya ba, ita ce ta takwara. Da wuya Bahaushe ya haifi 'ya'ya mata bai mayar da sunan mahaifiyarsa ba. Tun da kuma ba zai iya kiran sunan ba, sai a yi wa yarinyar alkunya: Uwani, Ummi, Mama, Inna, Iya. Ki lissafa gwaggonninki da 'ya'yan ƙannen kakanki masu irin wannan laƙabi, ki tambayi kowacce sunanta na yanka, ko ki duba takardarta ta makaranta. Sai dai kada ki yi gaggawar yanke hukunci da mutum ɗaya. Wata Uwanin sunan kakarta ta wajen uwa ta ci, wata kuma sunan matar da ta riƙi ubanta. Amma idan kika samu biyu ko uku daga 'ya'yan tsohuwar maza daban-daban, dukansu suna amsa suna ɗaya, to kin kama bakin zaren. Ki kuma san cewa sunan kan zo a lanƙwashe: Indo ita ce A'isha, Kulu Hauwa'u, Abu Zainabu, Dije Hadiza, Binta Fatima, Mairo Maryamu.

Haka za ki bi wajen sunan mahaifinta. Miji kan fara mayar da sunan nasa uban, daga baya ya yi wa matarsa kara ya sa na nata. Ki bincika a cikin 'ya'yanta maza wane ne ba ta taɓa kiran sunansa ba alhali ba shi ne ɗan fari ba, wanda take ce wa Baba ko Abba ko Baffa. Ki kuma tambaya ko tana da tsagar gado a fuska, da irin mutanen da take wasan barkwanci da su. Wadda ke tsokanar Barebari akwai alamar jinin Fulani, wadda ke wasa da Yarbawa a leƙa wajen Gobir. Wannan ba ya ba da suna, amma yana nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Lami ɗin ma kada ki raina shi. Ya riga ya faɗa miki ranar Alhamis aka haife ta, kuma zai yi miki amfani nan gaba.

Yanzu shekara. Kakanninmu ba da lamba suke lissafi ba, da sarauta da aukuwa suke yi, kuma waɗannan duk an san lokutansu. Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903. Sarki Abbas ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, Usman daga 1919 zuwa 1926, Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, annobar mura ta ratsa ƙasar a 1918, jirgin sama ya fara sauka Kano a Nuwamban 1925. "Shekarar yunwa" da aka ce miki, mafi shahara ita ce ta 1913 zuwa 1914, wadda a wurare da yawa ake kira Kakalaba. Ita ce ta koro jama'a masu yawa daga arewa, har daga ƙasar da Faransa ke mulka, zuwa Kano da kewayenta. Amma ba ita kaɗai ba ce. An yi wata a 1927, an yi wata a tsakiyar yaƙin Hitila. Sai ki tambaya: wane sarki ne a kan gado da suka shigo? Idan aka ce zamanin Abbas ne, jirgin ƙasa bai daɗe da zuwa ba, to magana ta zauna a kan 1914. Yarinyar da ke goye kuwa da wuya ta wuce shekara biyu zuwa uku, don haka haihuwarta tana tsakanin 1911 da 1914.

Ki gwada wannan da wani lissafin. A wancan zamani akan aurar da yarinya tana da shekara 13 zuwa 15, ta yi haihuwar fari bayan shekara biyu ko uku. Idan ɗan farinta ya zo duniya wajen 1930, lissafi ya hau. Idan kuwa sai wajen 1945 aka haife shi, to ki koma ki duba yunwar 1927.

Canjin kuɗi ma ba sau ɗaya aka yi ba. A Janairun 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, ƙasa da shekara guda bayan an mayar da tuƙi hannun dama. A Afrilun 1984 kuma gwamnatin soja ta Buhari ta sauya launin takardun naira. Tambaya ɗaya za ta raba miki gardama: fam aka daina karɓa, ko layin banki aka sha?

Sai Alƙur'anin da ke cikin gafaka. A nan nake son ki rage buri kaɗan, don kada ki ji zafi daga baya. Na mijinta ne, kuma abin da malami ya saba rubutawa a warƙar ƙarshe shi ne haihuwar 'ya'yansa da rasuwar iyayensa da malamansa, ba haihuwar matarsa ba. Idan an rubuta tata, a gidan ubanta aka rubuta. Duk da haka yana iya ba ki abu mai tsada. Irin wannan rubutu da Larabci yake zuwa, layi ɗaya ko biyu da tawadar zuge: an haifi wane, ranar kaza, kwana kaza ga watan kaza, shekara kaza. Mai mata fiye da ɗaya yakan ƙara da sunan uwar yaron don bambancewa, kuma idan aka ci sa'a za ki ga kalmar "bintu", abin da ya biyo bayanta shi ne sunan mahaifinta. Idan ya bar kundi, a duba shi ma, domin a rubutun neman tsari da na magani malamai kan ambaci mutum da sunan uwarsa, wane ɗan wance. A irin wannan wuri ba a sa laƙabi.

Kada ki ba kowa shi ya tafi da shi. Warƙoƙin a warware suke, idan suka hargitse ko ɗaya ta salwanta shi ke nan. Ki sa wani mai alwala ya buɗe a kan tabarma mai tsabta, ki ɗauki hoton warƙar farko da ta ƙarshe da duk gefen da aka yi rubutu, a cikin hasken rana. Kada a liƙa salatif a inda ya yage, kada a kai shi a manna masa leda. Hoton za ki kai wa malamin zaure wanda ya saba da rubutun warash na hannu, don ba duk wanda ya iya Larabcin ɗab'i ne ke karanta shi ba.

Mai yiwuwa ya ce miki babu shekara, sai wata kalma marar ma'ana a ƙarshen layi. Ita ce shekarar. Ramzi ake ce mata, inda kowane harafi ke da adadinsa. Malamanmu lissafin Magrib suke bi, wanda a cikinsa shinun dubu ne, sinun kuma ɗari uku. A lissafin Gabas ba haka ba ne, gainun ne dubu, shinun ɗari uku, kuma nan ne masu duba intanet ke faɗawa rami. Misali, shinun da sinun da lamun da ba'un sun ba da 1000 da 300 da 30 da 2, wato 1332 bayan Hijira. Don mayar da ita Miladiyya, ki ninka da 0.97 ki ƙara 622, za ki samu 1914. Shekarar Hijira ta 1300 ta kama a Nuwamban 1882, ta 1400 a Nuwamban 1979, don haka duk abin da ya shafi rayuwarta kusan yana cikin wannan ƙarni. Idan Allah ya sa wata rana kika samo rubutun haihuwarta daga dangin ubanta, ki duba kalanda ko ranar ta faɗo Alhamis. Saɓanin kwana ɗaya ba komai ba ne, saboda ganin wata, da kuma yadda muke ba wa gobe daren yau.

Daga nan ne takardun hukuma ke shigowa. Takardar haihuwa dai ki cire rai, dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a duk Nijeriya sai shekaru da yawa bayan haihuwarta ta zo. Littattafan haraji magidanta maza suka fi bi. Wurin da sunan mace ke fitowa ɓaro-ɓaro shi ne rabon gado. Idan mijinta ya riga ta rasuwa kuma aka je gaban alƙali, an rubuta ta cikin magada saboda tumuninta, kuma alƙali sunan gaskiya yake nema. Ki binciki wanda ke riƙe da takardun gidan gado. Idan ta sauke farali, fasfonta na hajji na iya kasancewa a ƙasan wata adaka. Sunan da ke ciki abin dogaro ne, shekarun kuwa ƙiyasin magatakarda ne.

A Kaduna akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa, akwai kuma Arewa House da aka kafa a 1970, a Kano ga Hukumar Tarihi da Al'adu. Amfaninsu gare ki zai fito ne bayan kin san garin da aka ɗauko ta. Rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta a kan gundumomi suna ɗauke da jerin hakimai da dagatai da shekarun sarautarsu, sai ki jingina labarin baka a kansu. Akwai kuma wasu littattafan kotunan alƙalai, har da shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914 sun tsira. Amma babu jerin sunaye da za ki duba ki ga Lami. Aiki ne na zama da buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya.

Wani abu kuma da ya kamata ki shirya masa. Idan kika ga tsofaffi suna kauce wa maganar asalinta, ba lalle mantuwa ba ce. A shekarun yunwa an ba da yara riƙo, wasu sun tashi suna amsa sunan wanda ba shi ya haife su ba. Bauta ma ba ta gushe a doka ba a Arewa sai 1936, ko da yake duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne a dokar Turawa. Rajistar waɗanda aka fansa ko aka 'yanta tana cikin takardun Kaduna, da suna da ƙiyasin shekaru da ƙabila. Ban ce haka labarinta yake ba, kuma ko haka ne babu abin kunya a kanta. Sai dai idan bincike ya kai ki can, ki shawarci manyan gida kafin ki watsa a zauren WhatsApp na dangi.

Idan za ki je wurin tsofaffin, ki tafi da goronki, ki same su ɗaya-ɗaya, don idan kin haɗa su ƙarama ba za ta musa wa babba ba. Ki nemi izini ki naɗi murya a waya. Kada ki fara da tambayar suna, ki fara da abin da take dafawa, da sana'arta, da wanda ke zuwa gaishe ta daga ƙauye da kaka. A manhajar kuma, gurbin sunan kafin aure ki sa sunan mahaifinta idan kin samu, Lami ki sa shi a gurbin laƙabi. Shekara ki rubuta "tsakanin 1911 da 1914", kada ki ƙirƙiro 1 ga Janairu don gurbi ya cika, kuma a gefen kowane bayani ki rubuta wanda ya faɗa miki da ranar da ya faɗa.