Yadda Ake Hulɗa da Mai Gyaran Hita Idan Hunturu Ya Shigo

Daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu na kaɗawa a arewacin Togo, tun daga Sokode har Dapaong da ƙauyukan gindin dutse irin su Nano. Da asuba ruwan randa kan yi sanyin da tsoho ba ya iya alwala da shi, balle a yi wa jariri wanka. A lokacin ne hitar ruwa ta fi lalacewa, kuma a lokacin ne aiki ke yi wa masu gyara yawa. Sai ka ji "ina nan tafe, Alhaji", kwana uku shiru. Ga matakan da za su kare maka kuɗinka da lafiyar iyalinka.

1. Duba da kanka tukuna. Ka tabbata akwai kuɗi a mitar kati, kuma makunnin da ke yanke wuta bai faɗi ba. Idan hita na kamawa amma ruwa ba ya zafi, galibi ƙarfen da ke ɗumama ruwan ne ya ƙone, ko farin dattin ruwan rijiya ya daskare a jikinsa. Idan soket ya yi baƙi ko yana warin roba, ka kashe wutar, kada ka taɓa komai.

2. Nemi mai shago, ba mai lambar waya kaɗai ba. Ka je ka ga inda yake aiki, ka tambayi wanda ya koya masa sana'a, ka ji ta bakin maƙwabci biyu da ya taɓa yi wa gyara. A Togo ana ba wanda ya gama koyon sana'a takardar shaida; ba laifi ka nemi gani.

3. Raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. Nan ne rigima ta fi tasowa. Ku tafi kasuwa tare ku sayi kayan, rasit ya zauna a hannunka. Idan daga Dapaong zai hawo babur zuwa Nano, ku yanke kuɗin mai daban tun farko. Hita mai jan wuta kamar wat 1500 zuwa 2000 tana bukatar waya mai kauri 2.5 mm² da kuma wayar da ke sauke wuta ƙasa. Kada ka yarda a sa maka siririya don sauƙin kuɗi. Araha ba ta ado.

4. Kada ka biya duka kafin aiki. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Ka tura ta Flooz ko wata hanyar kuɗin waya, don saƙon ya zama shaida. Ku sa rana da lokaci a gaban mutum guda da ku biyun kuke jin nauyinsa.

5. A yi gyaran a gidanka. Hitar da ta tafi shago tana iya kwana goma ba ta dawo ba. Ka tsaya a kansa, ka karɓi tsohon ƙarfen da ya cire, ku kunna tare har ruwa ya yi zafi, sannan ka cika masa haƙƙinsa nan take ba ja-in-ja.

6. Idan ya ɓace, kada ka yi ta faɗa a waya. Ka same shi a shago da sassafe, ka ce, "Malam, yara na wanka da ruwan sanyi, yau ko gobe?" In ya sake saɓawa, ka kai magana wurin maigidansa, ko ƙungiyar masu sana'arsu, ko sarkin zango. Sai an warware wannan za ka kira wani.

Kafin gyara ya samu, a ɗora tukunya a murhu a tsakar gida. Kada a shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kashe mutum cikin barci. Kada kuma a sa hannu a bokiti alhali hitar tsomawa na kunne.

Baɗi kuwa, ka kira mai gyaranka tun watan Oktoba, lokacin da hannunsa bai cika ba, ya wanke hitar ya duba wayoyinta kafin iska ta juyo.