Idan bashi ya kai maka wuya

Da farko, ka daina cin sabon bashi don biyan tsoho. Manhajojin ba da rance na waya da wannan halin suke cin kasuwa: su ba ka kuɗi na mako biyu, ruwa ya hau, ka makara kwana ɗaya su fara tura saƙon cin mutunci ga surukanka da abokan aikinka. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta fitar musu da ƙa'idoji tun 2022, kuma tana karɓar ƙorafi a kan irin wannan.

Sai ka zauna da uwargida, ku buɗe littafi ku rubuta duk mai bin ku: mai shagon da ake karɓo shinkafa da sabulu ana cewa "a rubuta", uwar adashi, makarantar yara, ɗan'uwan da ya taimaka ranar asibiti. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, a kan rubuta bashi take. Yana damuna yadda miji ke ɓoye wa matarsa adadin bashin, alhali ita ke riƙe da cefane, ita ta san inda za a tsuke.

Ka fara da bashi mai ruwa, domin shi ke ƙaruwa ko kana barci. Sauran ka taka da ƙafarka, ka ce, "Alhaji, dubu 5 nake iyawa duk wata," sannan ka cika alkawari. Kashe waya da sauya hanya su ke tunzura mai bi ya kai ƙara.

Anko da gudummawar biki su dakata har ƙarshen shekara. Kuɗin abinci da na haya a ware su ranar da albashi ya shigo.